Babi na Shida: Tafiyar da Ba Ta Zama Dole Ba

Garin Kurfi yana kan titin da ya taso daga Katsina ya nufi Dutsin-Ma. Daga Kurfi zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 40 ne, Dutsin-Ma kuwa ta fi haka kusa. Ga mai lafiya da kuɗin mota a aljihu, wannan ba wata tafiya ba ce. Amma wanda ya fito daga ƙauyukan da ke bayan Wurma ko Tsauri ko Rawayau sai ya fara hawa babur kafin ya ga kwalta, sannan ya zauna a tasha ya jira mota ta cika. In kuwa marar lafiya ne, to ba ya tafiya shi kaɗai. Dattijo da ɗansa zai tafi, mace da mijinta ko ƙanwarta, yaro da uwarsa da goyonta. Saboda haka duk katin asibiti ɗaya da aka miƙa a Katsina, a ƙalla kujera biyu aka biya a mota.

Asibitocinmu hawa-hawa ne. Ana farawa da ƙaramin asibitin mazaɓa, inda jami'in lafiya yake. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tura babban asibiti a Kurfi ko Dutsin-Ma. Daga nan sai Katsina: Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau mutane da yawa da tsohon sunansa na Medikal suka san shi, ko asibitin Janar Amadi Rimi, ko na Turai 'Yar'aduwa ga mata da ƙananan yara, ko Babbar Ruga ga matan da haihuwa ta bar wa yoyon fitsari. Idan Katsina ma ta ce a ƙara gaba, sai asibitin Malam Aminu Kano, ko na ƙashi da ke Dala, ko Shika a Zariya, ko asibitin ido na Kaduna. Kowane hawa ya fi na ƙasansa nisa, kuma kowane hawa ana zuwa masa ne da fetur.

Waɗannan tafiye-tafiye iri biyu ne, kuma a kan bambancinsu wannan babi ya tsaya. Akwai tafiyar da babu makawa sai an yi ta. Naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, karaya, yaron da jininsa ya ƙone, cikin da ke buƙatar fiɗa, waɗannan hannun likita suke nema, kuma duk mai cewa a tsaya a buga waya a kansu ya cuci marar lafiya. Amma akwai wata tafiyar da ta fi wannan yawa, ita ce ta komawa. Dattijo mai hawan jini ya yi asubanci, ya hau babur, ya hau mota, ya bi layin kati, ya bi layin awo, rana ta take kafin a kira sunansa. Likita ya duba lambar da aka rubuta, ya tambaye shi ko yana shan magani a kan ƙa'ida, ya ce, "Baba, da sauƙi. Ku ci gaba da shan wannan ɗin, ku rage gishiri, ku dawo bayan wata uku." Shi ke nan. Abin da ya gudana a ɗakin nan bai wuce awo ɗaya da magana ba. Awon ana iya yinsa a Kurfi, maganar kuwa waya na iya ɗaukarta.

Haka mai ciwon suga, haka mai farfaɗiya da maganinsa ya karɓe shi, haka wanda aka ce ya je ya yi gwaji ya kawo sakamako, haka uwar yaro mai sikila a ranakun da ciwon bai tashi ba. Ba kuma mutane kaɗan ba ne. Bincike-binciken da aka yi a Najeriya sun nuna kusan ɗaya cikin manya uku na da hawan jini, kuma babu ƙasar da ta kai tamu yawan jariran da ake haifa da sikila, wajen 150,000 a shekara. Irin waɗannan cututtuka ba a gama da su a zuwa ɗaya. Zama ake yi da su, shekara da shekaru, ana zirga-zirga.

Ganin likita daga nesa shi ne a ɗauke wa wannan rukuni na biyu wahalar hanya. Marar lafiya yana garinsu, likita yana inda yake, su haɗu ta waya ko ta bidiyo, a aika sakamakon gwaji da hoto ta intanet. Amfaninsa ga lafiya da aljihu a fili yake. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne amfaninsa ga iskar da muke shaƙa da yanayin da muke noma a cikinsa.

Mu yi lissafi. Duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Mai karatu zai iya tambaya, yaya lita ɗaya da ba ta kai kilo ɗaya a sikeli ba za ta haifi fiye da kilo biyu? Dalili shi ne idan man ya ƙone, sinadarin kabon da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar da injin ya zuƙa daga waje, nauyin ya ƙaru. Gas na manyan motoci da janareta ya fi haka, wajen kilo 2.7 ne a lita.

Mu ɗauka tsohuwar Golf ta haya, an cika ta da fasinja da kaya, tana shan lita ɗaya a kilomita 10. Kurfi zuwa Katsina, zuwa da dawowa, kilomita 80 ke nan, lita 8, wato kusan kilo 18 na kabon. Idan fasinja shida ne, kowa ya tashi da kilo 3. Marar lafiya da ɗan rakiyarsa, kilo 6. Idan jikin ya yi tsanani har aka ɗauki shatar mota, duka kilo 18 ɗin a kansa suke. Idan Kano aka tura shi, tafiyar ta kai kilomita 300 ko fiye, motar za ta sha lita 30, ta saki wajen kilo 70. Ban sa babur ɗin ƙauye da keke napep ɗin cikin gari a lissafin ba.

Yanzu mu ƙaddara mutum dubu ne a Kurfi da Dutsin-Ma suke komawa ganin likita a Katsina sau huɗu a shekara, kowa da ɗan rakiya. Wannan misali ne na kafa don a ga girman abin, ba ƙidaya ba. Idan aka mayar da zuwa uku cikin huɗun nan ya zama ta waya daga asibitin garinsu, aka bar ɗaya don likita ya gan su ido da ido, an tsimi a ƙalla lita 8,000 na fetur a shekara, an hana tan 18 na kabon tashi sama.

Wani zai ce ai ko marar lafiya bai je ba, motar za ta tafi. Wannan gaskiya ce a ƙasashen da bas ke tashi da agogo, ko da mutum ko babu. A tashoshinmu mota ba ta tashi sai ta cika. Idan fasinjan safe suka ragu da goma sha biyu, mota biyu ce ba ta tashi ba. Ba zan ɓoye cewa wannan ragi ne ga direba da kamasho ba, su ma iyali gare su. Sai dai ban yarda cewa ya dace abincin wani ya dogara ga tilasta wa tsoho mai ciwo tafiyar da ba ya buƙata ba, kuma kuɗin da ya rage a hannun marar lafiya a kasuwar garin zai ƙare.

A wasu ƙasashe an auna wannan abu da gaske. Asibitin Jami'ar Kalifoniya ta Debis a Amurka ya bi diddigin ganin likita daga nesa sau 19,246 da ya yi tsakanin 1996 da 2013, ya gano an ɗauke wa marasa lafiya tafiyar fiye da mil miliyan 5, an kuma hana kusan tan 2,000 na kabon fita. A arewacin Suwidin, inda garuruwa ke nesa da juna, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya kwatanta hayaƙin zuwa asibiti da mota da wutar da na'urorin bidiyo ke ci, ya samu mota ta ninka su sau 40 zuwa 70. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa ta lissafa a 2020 cewa kashi 3.5 cikin ɗari na dukan tafiye-tafiyen da ake yi a titunan ƙasar na da nasaba da asibiti, ko marasa lafiya ne, ko masu dubiya, ko ma'aikata, ko masu kawo kaya. A duniya baki ɗaya kuwa, wani rahoto na 2019 ya nuna harkar lafiya ce ke da alhakin kashi 4.4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Da ƙasa ce, da ita ce ta biyar.

A nan dole a faɗi wata gaskiya, domin wanda ya ɓoye ta ya raina hankalin mutanen Kurfi. Ɗan Najeriya, idan aka raba daidai, ba ya sakin ko tan ɗaya na kabon a shekara. Ba'amurke yana sakin wajen tan 14. Wato tan 18 ɗin nan da mutum dubu da 'yan rakiyarsu za su tsima a misalinmu, da kaɗan ya ɗara abin da mutum ɗaya ke fitarwa a Amurka. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Don haka babu mai bakin da zai tsaya gaban tsohuwar da ta sayar da akuya don ta je ganin likita ya ce mata ta zauna gida saboda sauyin yanayi. Ba ita ta ɓata ba, ba kuma a wuyanta gyaran yake ba. Duk shirin da zai zo mana da sunan kare muhalli amma ya rage wa talaka damar ganin likita, a mayar wa masu shi abinsu.

To me ya sa nake ganin maganar ta cancanci babi guda? Na farko, hayaƙin mota ba kabon kaɗai ba ne. Kabon yana tashi ya gauraya da iskar duniya, amma baƙin hayaƙin da ke fita daga salansa a nan yake zama, a tasha, a bakin kasuwa, a ƙofar asibiti, a hancin mai tallan da ke bin motoci da yaron da ke goye a bayan uwarsa a kan babur. Motocin da ke jigilarmu galibinsu sun gama aikinsu a Turai kafin su iso. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, da yawansu kuma ba za su tsallake gwajin hayaƙi a ƙasashen da suka fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara da gurɓatacciyar iska, ta cikin gida da ta waje. Mai asma ko mai ciwon zuciya da aka zaunar awa guda a tasha cikin hayaƙi da ƙurar hunturu, a hanyar neman magani ya ƙara wa kansa ciwo.

Na biyu, mu ne a bakin wutar. Katsina tana cikin jihohi 11 na arewa da hamada ke yi wa barazana, waɗanda shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa a Najeriya. Manomin Kurfi ba ya buƙatar rahoto kafin ya san damina ta rikice: ruwa ya makara, ya sauko a yi shuka, ya ɗauke ta ƙone, ko ya zo da ƙarfi ya rusa ɗakuna. Najeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa, kuma a shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Yawancin hanyoyin cika wannan alkawari suna neman talaka ya haƙura da wani abu. Hanyar ganin likita daga nesa kuwa tana cikin 'yan kaɗan da ba su ƙwace masa komai, sai ma su ƙara masa. Yawanmu kuma ƙaruwa yake, cututtukan zama irin hawan jini da suga suna ƙaruwa, kuma tsarin da muka gina yau shi zai yanke ko jikokinmu za su riƙa cin kilomita 80 don jin magana ta minti biyar.

Na uku shi ne wanda kowa ya fi ji a jikinsa. Litar da ke ɓata iska ita ce dai litar da ke huda aljihu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Abin da ya biyo baya duk ma'aikacin lafiya ya san shi: ranar komawa ta zo, babu kuɗin mota na mutum biyu, sai a ɗauki tsohon kwalin magani a kai kemis a ce a ba da irinsa. Wata ya bi wata ba a auna jini ba, har ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ranar nan kuwa shatar mota za a ɗauka, a kwana a asibiti, 'yan dubiya su yi ta sintiri mota-mota har mako biyu. Ko da lissafin hayaƙi kaɗai mutum zai yi, kulawar da ta hana wannan kwanciya ta fi duk wani tsimi.

Abin sha'awa shi ne mutanenmu ba su jira gwamnati ba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, musamman da WhatsApp ya yaɗu, duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a aikin asibiti ya mayar da shi likitan dangi. A ɗauki hoton takardar gwaji a tura, a biyo da saƙon murya: "Yaya, ga abin da suka rubuta wa Inna, duba mana ko sai mun koma." Wannan ganin likita daga nesa ne, ko an kira shi da sunan ko ba a kira ba, kuma ya hana tafiye-tafiye masu yawa. Matsalarsa ita ce gata ne. Mai ɗan'uwa a asibiti ya samu, marar shi ya rasa. Babu fayil, babu awo, babu wanda zai ɗauki alhaki idan aka yi kuskure, kuma sau da yawa wanda ake tambaya ba fanninsa ba ne, kunya ce ta hana shi cewa bai sani ba.

Gwamnati ma ta taɓa gwadawa, daga sama. A watan Mayun 2007 aka harba tauraron ɗan'adam na sadarwa na Najeriya, NigComSat-1, daga ƙasar Sin. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ma'aikatar lafiya suka ɗora masa shirin gwaji da ya haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na tarayya, har da na Birnin Kebbi da Gombe, da wata motar asibiti mai yawo. A watan Nuwamban 2008 tauraron ya daina aiki saboda matsalar farantan da ke ba shi wuta daga rana, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. A ganina ko tauraron bai mutu ba, shirin ya fara ne daga inda bai kamata ba. Ya haɗa babban asibiti da babban asibiti, alhali mai tafiyar wahala yana ƙasa, a mazaɓa.

Ƙasashe biyu sun ba mu abin dubawa. A Ruwanda wani kamfani mai suna Babyl ya fara aiki a 2016, mutum ya danna lambobi a ƙaramar wayarsa, ma'aikacin jinya ko likita ya kira shi. Fiye da mutum miliyan 2 suka yi rajista. A 2023 uwar kamfanin da ke Birtaniya ta durƙushe, aikin ya tsaya. Darasin a bayyane yake: lafiyar jama'a ba a rataya ta ga ribar wani kamfani na waje. Indiya kuwa a 2019 ta ɓullo da tsarin gwamnati mai suna eSanjeevani. Marar lafiya zai je ƙaramin asibitin ƙauyensu, jami'in lafiya ya auna shi, sannan su biyun su zauna gaban na'ura su yi magana da likitan da ke birni. Zuwa farkon 2023 an yi ganawa da likita ta wannan tsari fiye da sau miliyan 100.

Wannan na biyun shi ya dace da Kurfi. Mafi yawan masu komawa asibiti dattawa ne, da yawansu ba su da babbar waya, ba su da data, kuma ba za su iya auna jininsu da kansu ba. Sannan Bahaushe yana son a taɓa shi. Wanda aka duba ta waya tsagwaronta zai ce ai ba a duba shi ba. Amma idan ya je asibitin mazaɓarsu a ƙafa ko a kan keke, jami'in da ya sani, wanda suke sallah tare, ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya soki yatsarsa ya auna suga, ya duba ƙafarsa ko ta kumbura, sannan likita ya bayyana a allo ya gaishe shi da Hausa, to an haɗa hannu da ilimi a wuri ɗaya. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: na'urar awon jini, ta awon suga, ma'auni, ƙaramar kwamfuta ko babbar waya, farantin sola da batir, da rana ɗaya ko biyu a mako da aka san likita zai zauna. Sai kuma magani. Idan likita ya rubuta amma sai an je Katsina za a samu, an yi ba a yi ba.

Jihar Katsina na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, kuma gwamnatin jihar ta sha bayyana burinta na samar da asibiti mai aiki a kowace mazaɓa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware a ƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ginin da hanyar kuɗin duk akwai su a takarda. Abin da ya rage shi ne a sa wannan ɗaki na ganin likita cikin tsarin tun farko. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana nan kusa, kuma aiki ne da ya dace da malamanta da ɗalibanta su ƙirga mutum nawa ke barin Kurfi kowane mako don asibiti, ina suke zuwa, nawa suke kashewa, nawa ne cikinsu magana kawai ta kai su. Ranar da aka samu waɗannan alƙaluma, misalin da na kafa a sama ya gama aikinsa.

Mata su ne za su fi cin moriya. Matar aure da za ta je Katsina sai ta nemi izini, ta nemi ɗan rakiya, ta nemi wanda zai riƙe mata yara da girki, ga kuɗin mota na mutum biyu. Kowanne cikin waɗannan na iya zama dalilin fasawa. Asibitin da ke bayan gida kuwa za ta je ta dawo kafin azahar. Kuma likita mace guda da ke zaune a Katsina za ta iya ganin matan mazaɓu da yawa a yini ɗaya, abin da zai kwantar da hankalin mazaje da dama.

Sai dai mutanen Kurfi sun san wani abu game da waya da mutanen Suwidin ba su sani ba: ana iya kashe ta. A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar don yaƙi da 'yan bindiga, kuma Kurfi da Dutsin-Ma na ciki, tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa da sauransu. A lokacin an kuma taƙaita sayar da fetur, an hana sayar da shi a jarka. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis. Watannin nan mutane suka riƙa hawa mota zuwa inda ake samun sabis don su buga waya ɗaya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Ba na jayayya da cewa tsaro ne ya kawo matakin. Abin da nake so a gani shi ne yadda rashin waya nan take ya koma tafiya, tafiya ta koma fetur. Duk tsarin da za a gina a yankin nan dole ya tanadi irin wannan rana: fayil ɗin marar lafiya ya kasance a asibitin garinsu ba a intanet kaɗai ba, jami'in lafiya ya san abin da zai ci gaba da yi idan layi ya ɗauke, asibitocin kuma su samu hanyar sadarwa tasu. Rashin tsaron kansa hujja ce babba. A yankin da ake tare hanya, duk tafiyar da aka rage an rage kasada.

Ita ma wayar ba ta da tsarki ta fuskar hayaƙi. Mafi yawan turakun sabis a Najeriya da janareta suke aiki, gas suke sha dare da rana. Shagon cajin waya ma janareta ne. Ga matattun batura da ake yarwa a juji yara suna wasa da su. Amma turken nan yana aiki ko an ga likita ko ba a gani ba, kuma abin da kira na minti goma zai ƙara masa bai kai komai ba idan aka gwada da lita takwas. Inda za a iya ɓata lissafin shi ne a sayo wa kowane asibiti janareta don a kunna kwamfuta. Rana dai ba mu rasa ta ba. Sola ɗin da zai riƙe na'urar ganin likita shi zai riƙe firjin rigakafi, ya haska ɗakin haihuwa.

Akwai kuma abin da zai rage tsimin, kuma ina maraba da shi. Idan likita ya fara ganin mutanen da da can ba sa zuwa ko'ina, zai gano waɗanda dole su je Katsina: ƙullutun nono da aka yi shekara ana shafa wa magani, ƙodar da ta fara gazawa, mai cikin da jininta ya hau. Waɗannan sababbin tafiye-tafiye ne da ba a yi a da. A yi su. Fetur ɗin da aka ƙona don kai mai ciki asibiti a kan lokaci ba a yi asararsa ba, kuma babu lissafin kabon da ya isa ya hana shi.

Likitocin ma a duba su. Najeriya na da likita kusan huɗu ga kowane mutum 10,000, mafi yawansu a birane, ga kuma masu ficewa ƙasashen waje kullum. Waya ba ta haifar da sabon likita. Idan aka ɗora wa wanda layi ya riga ya yi wa yawa ƙarin aiki ba tare da ware masa lokaci da haƙƙinsa ba, wata uku ya yi yawa na'urar za ta koma cikin kwali. A kuma kiyaye sirri. Ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa, kuma mai ciwon da yake jin kunyarsa wani lokaci don kada a sani ne yake tafiya nesa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi asibiti kamar yadda ta shafi banki, amma kafin doka akwai ɗaki mai ƙofa da ma'aikaci mai riƙon amana.

Kirana ga ma'aikatar lafiya ta Jihar Katsina da hukumar lafiya a matakin farko da shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma shi ne su fara da kaɗan. A zaɓi asibitocin mazaɓa biyu ko uku da ke da sabis, a sa musu sola da kayan awo da maganin hawan jini da na suga, a haɗa su da likitocin Katsina rana ɗaya a mako, a rubuta kilomitan da kowane marar lafiya bai yi ba. Kai kuma mai karatu, idan ka raka Baba ko Inna asibiti aka ba ku ranar komawa, ka tambayi likita cikin ladabi ko awon nan za a iya yinsa a gida a turo masa sakamako. Idan ya ce sai ya gan su da idonsa, ku je, kada ku fasa.